Totuwar Masara a Kan Kyautar Onarabul

Wasiƙar hukumar jarrabawa ta iso makarantar sakandaren Oke-Sapa ranar Talata, kuma gajeriya ce. Ranar Alhamis ta mako mai zuwa sufeto zai zo. In ya tarar da tebur ga kowane ɗalibi a babban ɗakin taro, ya kuma tarar da kayan gwaji a ɗakin kimiyya, makarantar za ta ci gaba da zama cibiyar jarrabawar gama sakandare. In bai tarar ba, za a soke ta, yara su tafi birni su rubuta.

Misis Morenike Ajibewa, shugabar makarantar, wadda duk gari ke kira Mama Firinsifal, ta karanta wasiƙar sau biyu, ta ninke ta danne da Baibul ɗinta. Ta san abin da tafiya birni take nufi. Awa biyu ce a kan hanyar da ruwa ya cinye. Jarrabawar kuma ta mako huɗu ce, a farkon damina, lokacin da kowane manomin koko yake neman hannu a gona. Yara sittin da uku gare ta a ajin ƙarshe, kuma ta san iyayensu ɗaya bayan ɗaya. In an yi sa'a, ashirin za su je. Sauran sun yi shekara shida suna sintiri ke nan a banza, su koma gida ba ko takardar da za su nuna.

Teburan da ke da ƙafa huɗu a makarantar talatin da ɗaya ne. Ɗakin kimiyya akwai shi, har an rubuta sunansa a ƙofa, amma abin da ke ciki ƙashin kan akuya ne da zanen zuciyar mutum wanda gara ta ci rabinsa.

Kwana biyu bayan haka sai ga wata takardar, mai kauri, mai zanen zinariya a gefe. Onarabul Gbadebo Oyeniyan, wakilin yankin a majalisar dokokin jiha, shugaban kwamitin ilimi, zai zo ranar Litinin ya miƙa wa makarantar kyautar tebura tamanin da kayan kimiyya.

Onarabul ya taɓa koyarwa, wannan kam gaskiya ne. Zango biyu ya yi a wata firamare kafin ya gane cewa alli yana ɓata riga kuma ba ya gina gida. Daga nan ya zama kansila, daga kansila ya haye majalisa, ya yi shekara goma sha biyu yana ɗumama kujera ɗaya. Zangon nan biyu shi ne jarinsa. Duk inda zai yi magana sai ya zaro sandar alli daga aljihun babbar rigarsa ya ɗaga sama, ya ce da wannan ya fara kuma da wannan za a binne shi. Har mutane suka sa masa Onarabul Mai Alli, shi kuwa ya ji daɗi ya sa aka buga sunan a allunan bakin hanya. A majalisa an san shi da ƙudiri biyu. Na farko ya tilasta wa 'yan makarantun jiha sa farar safa. Na biyu ya sa aka ware rana guda a shekara ta girmama malamai, ranar da malamai ke tsayawa a rana tun safe su saurare shi. A cikin waɗannan shekaru rufin makarantu nawa ya faɗo a yankinsa, ba wanda ya ƙirga, shi ma bai tambaya ba. Amma ba ranar Allah da rediyo ba zai ambaci sunansa tare da kalmar ilimi ba, har kunnen mutane ya saba, suka ɗauka abu ɗaya ne.

Mista Falade, mataimakin shugabar makarantar, ya shigo ofis yana kaɗa takardar kamar ya ci caca. Mutum ne mai digiri biyu wanda bai taɓa samun ra'ayin kansa ba.

"Mama, kin ga aikin Ubangiji? Litinin kaya, Alhamis sufeto. Wa zai tsara wannan in ba Shi ba?"

"Zaɓen fid da gwani saura wata biyu," in ji ta. "Shi ya tsara."

"Ko ma mene ne, tebur tebur ne."

"Je ka gaya wa yara su wanke farar safarsu."

Ranar Litinin da hantsi babbar mota ta shigo da baya-baya, 'yan dako shida suka fara sauke kaya. Teburan suna ƙyalli, warin sabon fenti ya cika filin. Mama Firinsifal ta tsaya a ƙofar ɗakin taro tana ƙirgawa. Da aka shigo da na goma sai ta sa hannu ta shafa ƙarƙashinsa, ta ji busasshen cingam. Ta sunkuya ta duba. Wani yaro ya taɓa sassaƙa sunansa da na budurwarsa da ƙusa, Sikiru da Bosede, an bi da fenti a kai amma bai rufe ba.

Ta wuce ɗakin kimiyya, ta sa aka buɗe akwatin farko. A ciki akwai kwalabe, da ma'auni, da madubin nan na duba ƙananan halittu, baƙi, mai nauyi. Ta ɗaga shi ta juya gindinsa sama. Ga ɗigon jan farce nan, ya dushe amma yana nan.

Ita ta ɗiga shi. Shekara huɗu da suka wuce tana mataimakiya a makarantar Aba-Elere, Onarabul ya zo da kalangu da masu hoto ya ba su kyauta. Murna ta sa ta zaro kwalbar jan farce daga jakarta ta yi wa madubin alama, don kada wani malami ya yi gaba da shi. Da la'asar mota ta dawo, aka ce za a kai kayan babban birni a buga musu lambar gwamnati, mako ɗaya a dawo da su. Har ta bar Aba-Elere ba ta sake ganin ko marfin kwalba ba.

Ta mayar da madubin, ta fita ta sami direban motar yana cin gasasshiyar masara a inuwar mangwaro. Lamidi sunansa, dattijo ne mai tabon sallah a goshi. Ya yi saurin miƙewa ya rusuna har hannunsa ya taɓa ƙasa.

"Lamidi, ƙarfe nawa za ku kwashe?"

"Kwashe me, Mama?"

"Ka dube ni da kyau. Na yi kama da wadda aka yaye jiya? A Aba-Elere ma kai ne, hularka ce kawai ta sake."

Ya sosa ƙeya, ya dubi masarar da ke hannunsa. "Ƙarfe huɗu. Laraba muna Ago-Iyalaje. Mama, ni tuƙi aka ɗauke ni. Teburan nan sun fi ni sanin hanyoyin jihar nan, ko na yi barci za su kai kansu."

Ƙarfe goma sha ɗaya Onarabul ya iso. Matan gari sun yi anko mai ɗauke da fuskarsa, wasu a ƙirji wasu a mazaunai, ya danganta da yadda tela ya yanka. Makaɗa suka tare shi tun daga bakin hanya suna kiran kakanninsa da ganga. Ya kwanta rub da ciki a gaban Kabiyesi, sarkin garin, amma sai da yaronsa ya fara shimfiɗa ƙyalle don kada rigar ta sha ƙasa. Yaran makaranta sun jera a rana cikin farar safa tun ƙarfe takwas. Biyu sun faɗi, an ja su baya don kada su shiga hoto.

Ya yi magana awa ɗaya da kwata. Da ya kai tsakiya ya zaro allin.

"Da wannan na fara. Wannan ɗan farin abu shi ne ya kori duhu daga ƙasar nan. Kakanninmu, Allah ya jiƙan su, tsumma suke tsoro, ganye suke tsoro. Mutum ya ga tsohuwar tsintsiya a bakin gona sai ya juya da gudu. Me ya jawo? Jahilci. Ni Gbadebo, ɗan Oyeniyan, na yi rantsuwa ba zan huta ba sai yaron ƙauye ya leƙa cikin madubin kimiyya ya ga gaskiya da idonsa."

Aka tafa. Ya yanka zare, ya zauna a kan tebur ɗaya kamar ɗalibi, ya ɗaga yatsa, masu hoto suka yi ta ƙyasƙyas. Ya riƙe madubin a ƙirji kamar jariri, aka sake ɗauka.

Da zai tafi fada cin abinci, Mama Firinsifal ta roƙi ya ba ta minti biyu a ofis. Ya shiga yana duba agogo. Ta rufe ƙofa, ta durƙusa da gwiwa biyu a kan siminti.

Ta girme shi da shekara takwas. A garin nan ko ɗan tasha ya ga macen da ta girme shi ta kai gwiwa ƙasa dominsa, zai yi wuf ya ɗaga ta yana neman gafara. Wayar Onarabul ta yi ƙara, ya ɗauka. Ya yi magana a kan wasu buhunan shinkafa, ya yi dariya, ya tambayi lafiyar wani, ita tana durƙushe. Sai da ya gama ya dubo ƙasa.

"A'a, Mama, me ya yi zafi haka?"

"Ranka ya daɗe, kwana uku nake roƙo. Sufeto zai zo ranar Alhamis. A bar min kayan nan har ya gani. Ranar Juma'a da kaina zan taya ɗaurawa a mota."

"Wa ya ce miki za a ɗauka?"

"Ina Aba-Elere shekara huɗu da suka wuce."

Bai ji kunya ba. Irin wannan mutum ya daɗe da sayar da wurin da kunya take zama. Ya gyara hularsa a gilashin taga.

"To ai kin san tsarin gwamnati. Kayan hukuma ba ya zama ba lamba."

"Yara sittin da uku ne, ranka ya daɗe. In aka soke cibiyar nan, yawancinsu ba za su rubuta ba."

"Mutanen Ago-Iyalaje fa? Sun riga sun ɗinka anko. Su ba 'ya'yan jihar nan ba ne? Mama, kada ki zama mai son kai. Shugaba na kowa ne." Ya kama hannun ƙofa, sai wata dabara ta faɗo masa, fuskarsa ta washe. "Ga mai hotona nan. Zan sa ya wanke miki manya guda biyar, ki nuna wa sufeto. Komai ya fito a ciki sarai."

Ya fita. Ta dafa tebur ta miƙe, gwiwoyinta suna ƙara. Ta ji ganguna suna nisa, sun bi shi fada, inda tuwon amala da miyar ganyen ewedu da naman akuya ke jira. Agogon bango ya nuna biyu da rabi.

Ta zauna ta bi hanyoyin da mai hankali zai bi. Ta kulle ɗakin taro? Za su fasa kwaɗon, su ce ta riƙe kayan gwamnati. Ta kai ƙara wurin Kabiyesi? Onarabul ne ya yi wa fada rufi bara. Ta tara yara su zauna a kan teburan? Masu tsaronsa suna da dorina, kuma ba 'ya'yansu ba ne. Duk ƙofar da ta taɓa, ya riga ya saye mai gadinta.

Ta taga ta hango gindin mangwaro, inda Lamidi da 'yan dako suka zubar da totuwar masarar da suka ci. Sai ta tuna uwarta.

Uwarta itace take sayarwa. Takan tara shi a bakin hanyar daji, nesa da gida, ta tafi ta bar shi mako guda. Abin da take yi kawai shi ne ta ɗaura abin da mutanen yankin ke kira ale, alamar kashedi ga ɓarawo: totuwar masara, da guntuwar tsintsiyar da ta cinye har gindi, da ɗanyen ganyen kwakwa. Ba boka, ba karatu. Kowa ya san abin da suke faɗa. Wanda ya ɗauki abin da ba nasa ba, duniya za ta ɓare shi tas kamar totuwar, ta goge shi a ƙasa har ya ƙare kamar tsintsiyar. Shekara talatin ko tsinke ba a taɓa ɗaukar mata ba. Morenike kuwa tun tana 'yar makarantar mishan take jin kunyar abin. In ta zo wucewa da ƙawaye sai ta kau da kai kamar ba ta san mai itacen ba. Ta girma ta karanta kimiyyar halittu, ta zama ɗaya daga cikin dattawan coci. Bara ma a gaban dukan makaranta ta ƙona wani zoben tsafi da ta cire daga yatsan ɗalibi, ta yi musu wa'azi mai zafi.

Ta tashi. Ta je gindin mangwaro ta tsinci totuwa uku. Ta shiga aji ɗaya ta ɗauko tsintsiyar da yara suka share da ita har ta koma kamar ɗan yatsa. Ta karɓi adda wurin mai yankan ciyawa ta saro ganyen kwakwa a bayan katanga. Igiyar da aka ɗaure akwatunan da ita tana nan a ƙasa.

Mista Falade ya same ta a kan kujera tana ƙulla ganyen daga wannan gefen ƙofar ɗakin taro zuwa wancan. Ya ja da baya taku biyu.

"Mama. Me nake gani haka?"

"Riƙe min bakin igiyar nan."

Ya mai da hannuwansa baya. "Ke fa dattijuwar coci ce. In fasto ya ji?"

"Zai ji. Ka riƙe ko ka matsa."

Ya matsa. Ta rataye totuwa da tsintsiya a tsakiyar ƙofar, daidai goshin mai shiga. Ta rataye totuwa ta biyu a ƙofar ɗakin kimiyya, ta ɗora totuwa ta uku a kan akwatin madubin. Duka bai ɗauke ta minti goma ba. Ta wanke hannu, ta jawo kujera ta zauna a baranda, ta ɗora jakarta a cinya.

Ƙarfe huɗu saura kaɗan motar ta matso. 'Yan dako suka diro suna raha, babbansu a gaba, wani ƙato mai tsage uku a kumatu. Saura taku biyar ya kai ƙofa ya tsaya cak, na bayansa suka yi karo da shi. Rahar ta mutu. Suka koma gindin mangwaro suka zauna, Lamidi ya ciro waya.

Onarabul ya dawo da maiƙo a leɓe. Kuskurensa ɗaya, bai sallami makaɗa ba, su kuma duk inda ya sa ƙafa suna biye, mutanen gari suna biye da su. Kafin ya fito daga mota filin makaranta ya sake cika.

Ya dubi ƙofar, ya yi dariya mai ƙarfi don kowa ya ji.

"Wannan ne? Don wannan aka tashe ni daga gaban Kabiyesi? Kai, ku shiga ku fito da kaya, lamba za a je a buga."

"Oga, ba mu ƙi ba," in ji babban 'yan dakon. "A cire abin can tukuna."

"To cire mana."

"Ni 'ya'yana biyar, Oga."

"Zan ninka muku ladanku."

"Ko ka ba ni motar. Wanda aka ɓare me zai yi da mota?"

Wasu mata suka yi dariya a cikin gyale. Onarabul ya waiwayi mai tsaronsa, wani dogo mai baƙin tabarau. Dogon ya ga wani abu mai muhimmanci a saman bishiya, ya zuba masa ido. Ya waiwayi Mista Falade, ya tarar mai digiri biyu ya shige bayi.

Sai ya juyo kan Mama Firinsifal, muryarsa ta sauka. "Ke kika yi wannan?"

Ta miƙe, ta ɗan rusuna kamar yadda ya dace, ta yi magana yadda na baya ma za su ji, da muryar da take tsawata wa yara ɗari huɗu.

"Ni ce, ranka ya daɗe. Shara ce kawai. Totuwar da Lamidi ya ci ce, da tsintsiyar aji ɗaya. Ban karanta komai a kai ba, ban ma iya ba. Kai da bakinka ka gaya mana da safe jahilai ne ke tsoron irin wannan. Su waɗannan ba su yi makaranta ba, a yi musu uzuri. Kai ka cire musu, su ga yadda mai ilimi yake yi."

Ganguna suka yi shiru. Makaɗa sun san lokacin da kallo ya fi kiɗa.

Onarabul ya tako. Taku uku, huɗu. Totuwar tana lilo a hankali daidai fuskarsa, tas da ita, ba ƙwaya ko ɗaya, har da sawun haƙoran Lamidi. Ya san shara ce. Ya kuma san kayan da ke bayan ƙofar nan ya ba da su da bakinsa a gaban sarki da gari, sun tashi daga nasa. Ya san wata biyu suka rage a taru a zaɓi wanda jam'iyya za ta tsayar, ga wani yaro ɗan Legas mai kuɗi yana zagaya wakilan jam'iyya. In ya fizge abin nan yau, sa'an nan ya faɗi zaɓe, har jikokinsa za a riƙa nuna wa ƙofar nan. In ma ba a nuna ba, shi da kansa zai riƙa tunawa duk ranar da kansa ya yi ciwo. Zufa ta fara bin gefen hularsa.

Ya sa hannu a aljihu ya zaro allin. Ya miƙa shi a hankali wajen igiyar, yana so ya ture ta ba tare da fatarsa ta taɓa ba.

"Oga," in ji Lamidi daga gindin mangwaro, cikin ladabi, "allin ma hannunka ne."

Hannun ya tsaya a iska. Kowa ya gani.

Sai dai mutum ba ya shekara goma sha biyu a majalisa a banza. Onarabul ya juyo da allin a sama, kamar dama abin da ya zaro shi ya yi ke nan, fuskarsa cike da fara'a.

"Jama'ar Oke-Sapa, kun ci jarrabawa. Gwada ku na yi, in ga ko kun san darajar abin da na kawo muku. Garin da zai tsare kayan karatunsa haka bai kamata a sa shi jiran lamba ba. Na soke zancen lamba. Kayan nan sun zauna ke nan, daga yau har abada."

Ganguna suka fashe. Mata suka rangaɗa guɗa, fuskarsa tana rawa a jikin zannuwansu. Mutanen da minti ɗaya da ya wuce suka ga ya kasa taɓa igiyar su ne suka fi kowa tsalle, wasu har suna neman ɗaga shi sama. Mista Falade ya fito daga bayi yana tafi.

Da zai shiga mota ya matso kusa da ita, yana murmushi saboda mai hoto.

"Mama, za ki ga takarda."

"Na saba ganin takarda, ranka ya daɗe."

Motar Lamidi ta fita fayau, tana ƙara kamar gwangwani. Ranar Laraba mutanen Ago-Iyalaje suka sha rana cikin ankonsu, aka ba su kwali biyu na alli da alkawari. Da labarin ya iso, Mama Firinsifal ba ta ji komai a ranta ba. Abin da suka rasa hoto ne.

Daren Alhamis bai zo ba sai da ta buɗe akwatin madubin, don ta shirya abin da za a nuna. Ta yanko fatar albasa ta shimfiɗa, ta kai ido. Duhu. Ta juya, ta goge, ta sake leƙawa. Sai ta kwance bututun ta duba. Ba gilashi a ciki. Ko ya faɗi a wani ramin hanya, ko dama haka aka sayo shi, Allah kaɗai ya sani. Duk makarantun da aka kai shi, ba a taɓa barinsa ya kwana ba balle wani ya leƙa.

Sufeton, Mista Akinlotan, ya iso ranar Alhamis a kan babur, tsamurarren mutum mai jakar fata da ta tsufa. Ya sunkuya ya wuce ƙarƙashin totuwar ba tare da ya tambaya ba. Ya ƙirga tebura da bakin biro. Ya shiga ɗakin kimiyya, ya taɓa kwalabe, ya ɗaga madubin ya juya gindinsa. Da ya ga jan ɗigon sai ya yi murmushi kamar ya haɗu da ɗan garinsu a tasha.

"A'a, tsohon abokina. Karo na biyar ke nan muna haɗuwa." Ya dube ta ta saman tabarau. "Gobe a ina zai kwana?"

"A nan."

"Haka na ji a tasha. Har masu sayar da lemo labarin suke yi."

Ya ajiye shi. Bai leƙa ba. Ita ma ba ta ce ya leƙa ba, kuma ta san me ta yi da ta yi shiru. Ya zaro takarda ya sa hannu, ya buga hatimi, ya tambaya ko akwai ruwan sanyi.

Ranar Lahadi fasto ya yi wa'azi a kan waɗanda ke bauta wa iyayengiji biyu, yana kallon silin. Dattawan coci suka zauna, suka mai da ita bencin baya na wata uku. Ta zauna a can, ta tarar an fi samun iska. A rediyo kuma aka shiga sanar da cewa Onarabul Mai Alli ya ceci cibiyar jarrabawar Oke-Sapa da aljihunsa. An maimaita har mutanen da suke tsaye a filin ran nan suka fara ba da labarin haka.

Takardar ta zo bayan mako uku. An mai da Mama Firinsifal wata makaranta a bakin iyakar jiha, inda mota ke shiga sau biyu a mako, kuma an ce ta kama aiki nan take. Ta rubuta musu cewa gwiwa ta hana ta tafiya, wanda ba ƙarya ba ne gaba ɗaya, tun ranar da ta sha siminti ba ta koma daidai ba. Ta yi ta jan ƙafa har ranar da aka fara jarrabawa.

Da safiyar ranar ta tsaya a baranda, akwatunanta biyu a ɗaure a ofis. Yara suka jeru da biro da katin shaida. Sittin da ɗaya. Ɗaya ta haihu, ɗaya ya bi motar katako. Ganyen kwakwar ya bushe ya koma ruwan ƙasa, amma totuwar da tsintsiyar suna nan inda ta rataye su. Malamai goma sha huɗu ke makarantar, fasto ma ya zo ya yi wa ɗakin addu'a, ba wanda ya kai hannu.

Mista Falade, wanda aka ba riƙon makarantar, ya matso yana murza hannu.

"Mama, kafin ki tafi, da kin taimaka kin sauke abin nan da hannunki. Tunda ke kika ɗaura. Baƙi suna zuwa, ba tsari."

"Lamidi ya san hanya," in ji ta. "Ranar da ka sauke, ka ƙirga kwana uku, za ka ga motarsa."

Aka kaɗa ƙararrawa. Yaran suka fara shiga ɗaya bayan ɗaya, kowane ya kai ƙofa sai ya sunkuyar da kai, har gajerun da ko sun yi tsalle ba za su taɓa ta ba. Ta tsaya har na ƙarshe ya zauna a kan teburinsa, sa'an nan ta aika a kira mata mai babur.